Yadda Muka Koma Ƙauyen da Aka Kira Mana Jandarma

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a Paris ba, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Aubervilliers, unguwa ce a gefen birnin, wani abokina ya matsa mini lamba sai na zo Lyon mun je abin da yake kira rando. Abokin nan nawa mutumin Tahoua ne. Tare muka yi jami'a a Yamai, daga baya kowa ya kama gabansa, shi yana Lyon yana digirinsa na uku a kan harkar ruwan sha. Da na tambaye shi mene ne rando, sai ya ce tafiya ce a ƙasa cikin duwatsu da gonaki, tun safe har la'asar.

Na ce, "To in an je can ɗin, me ake samowa?"

Ya ce, "Ba komai. Ka je ne ka dawo."

Na ce masa ni ɗan Damagaram ne, a garinmu in ka ga mutum yana taka ƙasa da rana tsaka, to ko dai kabu-kabu ya rasa, ko kuma aikensa aka yi. Ya yi dariya ya ce in dai zo.

Na je. Na sayi sabon takalmi fari fat a wajen masu sari na unguwarmu, wanda aka yi don kwalliya ba don dutse ba. Daga Lyon muka shiga wata ƙaramar bis, ta yi ta hawa da mu har gidaje suka ƙare, aka shiga tsanwa. Shanu ne jajaye manya-manya, ga gonakin wani ɗan itace ja mai kama da magarya da suke kira seriz. Ban yi nisa ba ƙafata ta fara yi mini magana, amma na daure, saboda abin da na ga ya faru da abokina. A cikin gari mutum ne mai shiru, kullum kansa a ƙasa. A can kuwa sai ga shi yana waƙa, yana nuna mini itatuwa da sunayensu, yana gaida kowa. A hanya ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa mini ba. Ya ce lokacin da mahaifinsa ya rasu bai samu zuwa gida ba, ya rasa inda zai sa kansa, a cikin duwatsun nan ya yi ta yawo har zuciyarsa ta sauko.

Da azahar ta yi muka ratse gefen hanya, muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu muka yi salla. Daga nan muka gangara wani ƙaramin ƙauye, muka zauna a kan benci kusa da famfon tsakiyar gari. Na cire takalmi ina duban ɓarnar da ya yi mini, sai ga motar jandarma ta tsaya a gabanmu.

Su biyu ne, kuma gaskiya ba su yi mana tsawa ba. Babban ya ce an kira su an ce an ga wasu baƙaƙen mutane biyu suna leƙen gidaje. Suka karɓi takardunmu, suka ce mu zazzage jakunkunanmu a kan benci. Abin da ya fito daga tawa: safa, dabino, da kilishin da aka aiko mini daga gida. Ƙaramin ya ɗaga kilishin yana juya shi, ya shinshina, yajin ya shige masa hanci, ya yi ta atishawa. Ni har dariya ta so kama ni. Da na waiga na ga fuskar abokina, sai dariyar ta koma.

Muna tsaye a haka, ni ƙafa ba takalmi, wasu nasaru masu rando suka zo wucewa da sandunansu, jakunkunansu sun fi namu girma. Suka gaida jandarmomin, jandarmomin suka amsa, suka wuce abinsu.

Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, wane gida ne muka leƙa?"

Babban ya ɗaga kafaɗa ya ce su an kira su ne, dole su zo. Suka miƙo mana takardunmu, har da yi mana fatan mu wuni lafiya.

Ni da abokina muka koma Lyon. Sai da ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya ce, "Ashe duk shekarun nan da nake gaishe su, ta taga suke kallona. Na gama da rando."

Wannan maganar ce ta tsaya mini, ba binciken jaka ba. Ni ban yi asarar komai ba, dama tafiyar ba ta dame ni ba. Shi kuwa wuri guda ne yake da shi a ƙasar nan inda yake sakin jiki, kuma da kiran waya guda aka ƙwace masa shi.

A lokacin ina riƙe da wani shafi a intanet na ɗaliban Nijar. Ba wani babban abu ba ne. A nan ake cigiyar mai sayar da katifa, ko wanda zai tafi Yamai yana da sauran wuri a jaka. Na nemi izinin abokina, ya ce in yi abin da na ga dama amma kar in sa hotonsa. Na rubuta abin da ya faru da Faransanci, na sake rubuta shi da Hausa. Ban faɗi sunan ƙauyen ba, ban zagi kowa ba. Na sa hoton duwatsun, na rufe da tambaya: ko akwai wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi?

Ashe na taɓo inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi. Labarin ya fita daga hannun 'yan Nijar, ya shiga wuraren da ban san da su ba. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda a nan aka haife ta, ta ce ita ta daina kai 'ya'yanta bakin tafki saboda kallo. Wani Balarabe ya ce shi in zai hau keke a ƙauye sai ya sa kaya masu tsada, don kar a ce sato keken ya yi. Wasu kuma suka ce su ko tunanin fita daga gari ba su taɓa yi ba, sun ɗauka daji na masu ƙasa ne. Masu zagi ma ba su bar mu ba. Wani ya ce in tafiya nake so, in koma hamadarmu in yi ta yi. Na rubuta masa amsa mai tsawo mai zafi, na karanta ta na ji daɗin kaina, sannan na goge.

Ana cikin haka gwaggona ta kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, tana La Courneuve, kusa da unguwarmu, tun ina goye, ita ce uwata a ƙasar nan. Yadda ta gajarta gaisuwa na san akwai magana.

Ta ce, "Ɗan nan, 'yar maƙwabciyata ta karanta mini. An ce ka shiga intanet kana faɗa da jandarmomi."

Na ce, "Gwaggo, ba faɗa ba ne. Abin da ya faru na faɗa."

Ta ce, "Takardarka ta zama ba ta kusa ƙarewa ba? Mu da ka gan mu nan, abin da aka yi mana ya fi wannan, muka haɗiye muka rene ku. Ka share abin nan."

Ta faɗi gaskiya, takardata ta kusa ƙarewa, kuma tsoro ya kama ni. Na buɗe shafin da niyyar sharewa. Sai na tarar da saƙon wata tsohuwa Bafaransa, ta ce malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ƙauyensu yana kusa da wurin, daga hoton ta gane shi. Ta ce ba ta san wanda ya kira jandarma ba, kuma ba za ta ce mini ba a yi ba, don ta san mutanenta. Amma hanyar nan ta kowa ce. In mun yarda mu dawo, ita da mijinta za su taka mana.

Da farko na yi zargin tarko ne. Na kira ta ta bidiyo don in ga ko mutum ce. Ta ɗauka, ta nuna mini karenta, ta nuna mini mijinta wanda ba ya ji sosai, ta kuma tambaye ni wane irin takalmi na sa ranar. Da na nuna mata, ta ce in jefar da shi.

Maimakon in share, sai na ƙara wani rubutun. Na ce wata Asabar a farkon bazararsu za mu koma, duk mai so ya zo, kowane launi, kowane addini. Ba kwalaye, ba ihu, ba zanga-zanga. Tafiya ce kawai da cin abinci. Mutane suka fara cewa a sa da su. Masu mota suka ce suna da wuri, masu takalmi biyu suka ce za su ara wa wasu.

Wanda aka yi abin dominsa ne ya ƙi. Abokina ya ce shi ba zai je ya zama abin kallo ba. Na roƙe shi, na tuna masa ni ko a metro, jirgin cikin gari, ɓata nake yi, ya ce ai tsohuwar ta san hanya.

Na je La Courneuve in sanar da gwaggona, na shirya shan faɗa. Ta saurare ni har na gama, tana tsinke zogale. Sannan ta ce, "Mutum nawa?" Na ce da dama. Ta ce, "Wa zai ba su abinci?" Na ce kowa zai zo da burodinsa. Ta dube ni kamar na zagi kakanninmu.

Ta ce, "Tun da ba ka jin magana, da ni za a je. In kama ku za a yi, a kama mu tare. Ba ni lambar yaron nan."

A gabana ta kira shi. Wannan karon ta yi gaisuwar har ƙarshe, ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen Tahoua, ta yi wa mahaifinsa addu'a. Sannan ta ce, "Ɗana, an ce kai ka san hanyar dutsen nan. Ni tsohuwa ce, ba zan bi ɗan wana ba, ɓatar da ni zai yi. Ka tarye ni a tasha." Ina jin muryarsa ta cikin waya yana cewa, "To, Gwaggo. In sha Allahu, Gwaggo."

Ranar da za mu tafi, na iso tashar jirgi a Paris na hango ta tun daga nesa: atamfa, mayafi, takalmin ƙwallon jikarta, ga bokitin roba cike da dambu a gefenta. Ta taho da wani Alhaji ɗan Cadi, ɗan kasuwa a Aubervilliers, mijin ƙawarta. Shi ya zaci shan iska za a je a lambu, ya zo da farar jallabiya da takalmin fata da buta da kayan shayi cikakku. Ni aka ɗora wa bokitin.

A Lyon muka tarar da sauran. Ɗalibai, wani magidanci daga unguwar Stains da iyalinsa, Larabawa, nasaru, wasu ma ban san ta inda suka ji labarin ba. Bis guda ba ta ɗauke mu ba. Abokina yana gefe, ya ja hular rigarsa ya rufe kai. Ya durƙusa ya gaida gwaggona, ni kuwa ko kallona bai yi ba.

A bakin hanya malamar tana jiranmu da mijinta da karen. Ita da gwaggona suka tsaya suna auna juna. Malamar ta dubi takalmin ƙwallon ta gyaɗa kai. Gwaggona ta dubi karen ta ce a riƙe shi nesa da zaninta. Ba a jima ba na ji suna hirar ciwon gwiwa, ɗaya tana ba da sunan magani, ɗaya tana cewa man kaɗanya ya fi. Su biyun suka shige gaba.

Ni da na haɗa taron, ni na zama na ƙarshe. Ina haki, bokiti yana bugun ƙafata, gwaggona tana waiwayowa tana ce mini in ɗaga ƙafa. Na tambaye ta ina ta samu wannan ƙarfi, ta ce a saman bene take zaune, kuma na'urar hawan gidansu ranakun lalacewarta sun fi na aikinta yawa.

Abokina yana kusa da ni a baya. Sai da muka iso wata 'yar ƙorama, Alhaji ya tsuguna zai cika butarsa, ya ce wa abokina, "Malam, an ce kai ne malamin ruwa. Wannan ana sha?" Abokina ya ce kar ya sha, akwai shanu a sama. Alhaji ya tambayi dalili, tun da ruwan garau yake. Abokina ya fara bayani a taƙaice, wasu suka matso, wani ya yi tambaya, wata ta ƙara. Kafin mu bar wurin ya ture hular, yana nuna inda ruwan ya fito da inda za shi. Daga nan ban sake ganinsa a baya ba.

Da azahar muka yi salla a inda muka yi ta farko. Waɗanda ba sa yi suka zauna a inuwa, mijin malamar ya riƙe kare yana gadin jakunkuna. Muna sallamewa na ga wani manomi ya tsayar da tarakta a can gefen gona. Ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya tayar ya tafi. Har yau ban san abin da yake ransa ba.

Da muka shiga ƙauyen na ji an rufe wata taga, aka sake rufe wata. Wata mai ɗakin shan kofi ta fito ta ganmu, ta rikice, ta koma ciki. Na ce shi ke nan, waya ta je yi. Sai ga ta tana fito da kujeru, har da na ɗakin girkinta. Gwaggona ta buɗe bokiti a kan bencin nan da aka zazzage mana jaka, ta fara zuba wa mutane. Alhaji ya kafa shayi. Wani tsoho ɗan ƙauyen ya matso yana leƙe, gwaggona ta miƙa masa a faranti. Ya kai loma, yaji ya kama shi, hawaye suna zuba, ya miƙo farantin a ƙara masa.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wani mutum ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce da ƙarfi nan ba Afirka ba ce. Malamar ta juya ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi jikin mahaifiyarsa, ta ce ya gaishe ta. Ya ce za ta ji, ya shige gida.

Muna cikin ci sai ga motar jandarma ta shigo dandalin a hankali. Ba zan ɓoye muku ba, nan take hannuna ya kai aljihu wajen takarduna. Na dubi abokina, ya daina tauna. Motar ta zo daidai mu ta rage gudu. Gwaggona ta ɗaga ludayin da take rabo da shi, ta ce, "Bonjour, mes enfants," wato sannunku 'ya'yana, kamar 'ya'yan maƙwabta ta gani sun taso daga makaranta. Mai tuƙin ya ɗaga mata hannu, suka wuce.

Abokina ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu. Na lura ba dariya kaɗai ba ce, sai na tafi taya Alhaji wanke kofuna.

Ba wanda ya ba mu haƙuri, ba mu kuma taɓa sanin wanda ya yi kiran farko ba. Takardata ta fito a lokacinta, ba wanda ya ɗaga mini maganar. Shafin kuwa ya tashi daga na cinikin katifa. Mutane suka riƙa shirya nasu fitar a garuruwansu, wata lauya tana bayyana wa jama'a haƙƙinsu in an tsayar da su, masu gidaje a ƙauyuka suna cewa in an zo wucewa a tsaya a sha ruwa. Labaran tsayarwa da bincike ba su daina zuwa ba, har gobe ana turowa. Bambancin shi ne, wanda abin ya sama ba ya komawa ɗaki shi kaɗai da shi. Abokina ya koma duwatsunsa. Da aiki ya yi mini yawa, na miƙa shafin ga waɗanda suka fi ni lokaci da ƙarfin ƙafa.

In na tuna, abin da yake ba ni mamaki shi ne rubutun da kansa bai gyara komai ba. Da a nan aka tsaya, da an yi ta tausaya mana kwana biyu an manta. Amfaninsa shi ne ya nemo mini mutanen da ba zan taɓa haɗuwa da su a hanya ba, suka sa takalmi suka fito. Na kuma daina ganin laifin su gwaggona da suka yi shiru shekara da shekaru. Su a lokacinsu ba su da inda za su faɗa a ji su. Da ta ga ba ita kaɗai ba ce, ai ita ta shige gaba.

Bara na ga an shirya fita a wani daji kusa da Paris, na ce bari in je a matsayin kowa. Matar da take jagora ba ta san ni ba. Ta ga na tsaya a gefe ina gyara igiyar takalmi, ta zo ta tambaye ni ko yau ne zuwana na farko. Kafin in amsa ta ce, "Kar ka ji komai, kawu. Wurin nan namu ne duka. In ka gaji ka gaya mini, za mu jira ka."

Na ce mata to, na gode. Na bi bayanta, kuma sun jira ni ɗin, ba sau ɗaya ba.